Kifin da Hedimasta Ya Ƙwace

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare kusa da Tiga, muka zo darasin sassan jikin kifi. Rabin ajin 'ya'yan masunta ne, sai na ga wauta ce in tsaya zana musu kifi a allo. Na sayo karfasa manya-manya, na raba yaran rukuni-rukuni, na ce su farka cikin kifin su gaya mini abin da suka gani.

Aji ya kaure da musu. Har wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta miƙe tana nuna inda kifi yake numfashi.

Sai ga hedimasta a bakin ƙofa, ya toshe hanci.

"Malam, nan aji ne ko kasuwa? Karatu ba ya shiga sai da shiru."

Ya sa aka kwashe kifin aka kai ofishinsa. Dole na koma allo na zana kifi. Yara suka yi tsit, suna kwafar zanena mai kama da takalmi.

Da aka tashi na bi ta ƙofar gidansa, ƙamshin suyar kifi ya tare ni. Ashe ƙarnin kifi a hannun yara kaɗai yake damunsa.