Kiran da Golanmu Ya Amsa a Filin Maraɗi

Shekarun baya masu nisa, saura kaɗan Nasara ya naɗe tabarmarsa ya bar ƙasar nan, ina saurayi a Madarunfa, ba abin da ya shiga raina kamar ƙwallo. Gara in faɗa muku gaskiya tun yanzu, ban taɓa iya bugawa ba. Sau ɗaya aka sa ni cikin fili, na kai wa ƙwallo shuri na samu ƙasa, na yi mako guda ina ɗingishi. Tun daga ranar mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makarantar boko, wanda shi ya haɗa ƙungiyar garin, ya ce aikina in tsaya bayan raga in yi ta ihu. Na kuwa riƙe aikin hannu bibbiyu.

A shekarar aka sa kofi tsakanin garuruwan yankinmu, bayan an gama kaka. Muka fitar da Gabi, muka fitar da Ɗan Issa da ƙyar, sai ga mu a wasan kusa da na ƙarshe, za mu kara da wata ƙungiya ta cikin Maraɗi a filinsu. Su da takalma, mu ƙafa a ƙasa. Abin da ya kai mu can kuwa kowa ya san shi, golanmu ne.

Golan nan abokina ne tun muna kiwon awaki. Gidansu na Anna ne, masu bin addinin kakanni, suna can gefen tafki. Mu kuma gidan malamai ne, amma gonarmu da tasu iyaka ɗaya ce, tare muke noma, tare muke shan fura a gindin gawo. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana. Tun yana ƙarami yake kama tarwaɗa da hannu a cikin taɓo, kuma wanda ya iya riƙe tarwaɗa, ƙwallo ba ta kuɓuce masa.

Saura kwana uku a yi wasan, zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ranar wasa da hantsi na tafi gidansu. Na tarar da mahaifiyarsa zaune a ƙofar ɗaki tana fifita wuta a ƙarƙashin tukunyar saiwoyi. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, ina kwana? Yaya mai jiki?"

"Sai a hankali, ɗan nan. Tun jiya da rana bai buɗe ido ba."

Na shiga. Yana kwance bisa tabarma, leɓɓansa sun tsage, numfashi na fita sama sama. Na taɓa goshinsa, kamar dutsen da ya wuni a rana. Mai hankali da addu'a zai yi masa ya fito. Ni kuwa sai na kai bakina kusa da kunnensa na ce, "Tashi mana, abokina. In ba kai, yau mun sha kunya. Duk garin nan kai ake jira. Ina nan bayan raga, ina jiranka."

Ashe mahaifiyarsa na tsaye a bayana.

"Mi kake hwaɗa mashi?"

"Ba komai, Inna, sannu nake yi masa."

Ta dube ni, ta ce, "Ba a kiran marar lahiya zuwa wani wuri. Tashi ka tahi."

Na fito ina jin haushinta, ku ji rashin kunya irin ta ƙuruciya.

Kamiyon wani mai sayen gyaɗa, babbar motar kaya, ya kwashe mu, 'yan wasa da 'yan rakiya, a cunkushe kamar buhuna. Ba wanda ya yi waƙa a hanya. Mushe ya lallashi ɗaya daga cikin 'yan bayanmu ya yarda zai tsaya a raga.

Mun isa Maraɗi bayan azahar. Filin ya cika, an ja masa layi da farar ƙasa, har da kujeru a inuwa don manya. Muka taru a gindin wata tsamiya, Mushe ya kwance buhun riguna yana rabawa. Ya ɗauko baƙar rigar gola ke nan zai miƙa wa ɗan bayan nan, sai wani hannu ya wuce ta kan kafaɗata ya karɓa.

Na juya. Abokina ne.

Ban ga zuwansa ba, ba kuma wanda ya gani. Mu da muka zo a mota duk mun yi buɗu buɗu, shi ƙafafunsa tas kamar yanzu ya fito daga ruwa. Warin tafkinmu ma yake yi, warin taɓo da kainuwa, a wurin da babu ko kududdufi.

Na ce, "Kai, ta ina ka biyo? Wa ya kawo ka?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ka ce kana jira na."

Na kama wuyan hannunsa don murna, sai na ji shi sanyi ƙalau kamar gindin randa. Na sake shi. Mushe dai bai tambayi komai ba, ya ce Allah ne ya kawo shi, ya tura shi fili. Ni ma na ce wa kaina ai zazzaɓin ne ya sauka, wani ya ɗauko shi bisa doki. Mai son abu ba ya rasa dalili.

Na je na tsaya bayan ragarsa, inda na saba.

Na ga wasanni da yawa tun daga lokacin, a fili da a talabijin, amma ban sake ganin tsaron gida irin na ranar ba. 'Yan Maraɗi sun fi mu komai. Suka yi mana zobe, suna ta ruwan ƙwallo, ta sama, ta ƙasa, ta kusurwa. Kafin ƙwallo ta bar ƙafar mai bugu, shi ya riga ya isa inda za ta. Mutanensu ma suka fara tafa masa. Na yi ihu har muryata ta dushe.

Sai dai akwai abubuwan da na lura da su na ture gefe. Ya saba yi wa 'yan bayansa tsawa, ranar bai buɗe baki ba. In ya faɗi ƙasa, ina tsaye taku uku daga gare shi, ba na jin ƙarar faɗuwar. Da aka tafi hutun rabin lokaci kowa ya ruga wurin tulu, shi ya tsaya jingine da sandar raga, ba gumi ko ɗigo a fuskarsa. Jakin mai ruwa da aka ɗaure can baya ya yi ta fizgar igiya yana huci, har sai da mai shi ya matsa da shi.

Wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa tana zaune kusa da ni. Ta daɗe tana kallon golanmu, sannan ta taɓa ni.

"Ɗan nan, naku ne wancan?"

Na ce, "Namu ne, Kaka. Kin ga aiki ko?"

Ta rufe farantinta da faifai, ta ɗora a ka. Ta ce, "Ku maida shi gida." Ta wuce ba ta waiwayo ba.

An sha tambayata daga baya ko yana da inuwa. Wallahi ban duba ba. Ƙwallo nake kallo.

La'asar ta yi sanyi, saura kaɗan a tashi, ba wanda ya ci wani. Sai wani ɗan wasansu da ya gaji ya buga wata ƙwallo marar ƙarfi daga nesa. Tana tafe tana gangarowa a hankali, ko tsohuwar nan da ta tare ta da faifanta. Abokina ya sunkuya, ya buɗe hannuwa. Sai na ga ya ƙame. Ya ɗago kai. Ya juya fuskarsa wajen kudu, wajen garinmu, kamar mai sauraren abu daga nesa. Da kunnena na ji ya ce, a hankali, irin yadda yaro ke amsa wa babba:

"Na'am."

Ƙwallo ta wuce ta gefen ƙafarsa ta hagu ta kwanta cikin raga.

'Yan Maraɗi suka ɓarke cikin fili da murna, aka bangaje ni na faɗi. Kafin masu gadi su kore su da bulala an ɗau lokaci. Da fili ya washe, ba kowa a ragarmu. Baƙar rigar ce kawai a ƙasa tsakanin sanduna biyu. Na ɗauka, a bushe take, ga sanyi. Mushe ya yi ta kiran sunansa, muka duba gindin tsamiya, muka duba bayan jama'a, babu shi. Ɗan bayan nan ya ƙi sa rigar, ya tsaya a raga da tasa, ba a jima ba alƙalin wasa ya busa. An fitar da mu.

A mota kowa da abin da yake faɗi. Wasu suka ce kunya ce ta sa ya gudu, wasu suka ce ciwon ne ya taso masa. Ni ne na fi kowa zafi. Na ce da bai zo ba da ya fi mana, na ce abin da ya yi ko makaho ba zai yi ba. Ina riƙe da rigar, ina tsara maganganun da zan gaya masa.

Rana na shirin faɗuwa muka shiga gari. Ban je gida ba, na nufi gefen tafki. Na tarar da tsakar gidansu cike da dangi, ana jin ƙaurin turaren itace, ga gashin jan zakara a warwatse wurin da suke yanka. Mahaifiyarsa na zaune daidai inda na same ta da safe.

"Inna, ya dawo?"

"Ya dawo." Muryarta ta dushe kamar tawa.

"Yaushe ya iso? Mun neme shi ba mu gani ba."

Ta ɗaga ido ta dube ni. "Ɗan nan, tun da ka hita ban ɗaga daga nan ba. Shi ma bai ɗaga daga tabarmar can ba."

Kawunsa ne ya ja ni gefe ya ba ni labari. Ya ce bayan azahar zafin jikin ya ɗauke gaba ɗaya, ya koma sanyi, numfashi sai an kai kunne ake ji. Suka yi yanka, suka yi hayaƙi, ba canji. Da la'asar dattijon gidan ya ce kurwarsa ta yi nisa, kuma ba mai dawo da ita sai uwarsa, ta kira shi da sunansa na yanka. To shi ɗan fari ne. Kun san kunyar ɗan fari a wancan zamani, tun da ta haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta durƙusa a gaban surukanta da kowa, ta kira. Shiru. Ta sake kira. A na ukun ya ce na'am, ya buɗe ido, gumi ya karyo masa.

Na shiga ɗakin. Yana kwance, ya rame, idonsa a buɗe. Gwiwoyin hannunsa duka biyu a kurje suke, sabon kurji mai jini, ga farar ƙasa a gwiwoyin ƙafarsa. Ƙasar ɗakin kuwa baƙin daɓe ne.

Ya ce, "Yaya aka tashi?"

Na ce, "Ɗaya ba ko ɗaya."

"Ta hagu ta shiga ko?"

Na ce i.

Ya rufe ido, har na ɗauka barci ya yi. Sai ya ce, "Da ta jira numfashi ɗaya, da na kama ta." Can kuma ya ƙara, "Amma ban taɓa jin sunana a bakinta ba."

Na ajiye rigar a bakin ƙofa na fita. Ko ɗaya daga maganganun da na tsara ban tuna ba.

Ya warke bayan makonni, amma bai sake shiga raga ba, ba kuma wanda ya matsa masa. Mutanen gari suka nemi bayanin da za su iya kwana da shi, suka ce wani ɗan baffansa ne na garin Sarkin Yamma mai kama da shi ya je ya tsaya mana. Na san ɗan baffan nan, ko ƙwarya ka jefa masa sai ta fashe. Mushe, mutumin boko, duk ranar da aka tayar da zancen sai ya tashi ya bar wurin. Mahaifina da na gaya masa komai bai yi mini dogon wa'azi ba, ya ce sanin gaibu sai Allah, amma in je in nemi gafarar matar nan. Na je. Ta kusa shekara kafin ta koma amsa gaisuwata da sakin fuska.

Ni dai ban san abin da na gani ba, kuma a wannan shekarun na daina ƙoƙarin sani. Abin da na sani shi ne, na durƙusa a gaban mutumin da ke tsakanin rai da mutuwa, ban ga abokina ba, gola na gani. Son abu yana yi wa mutum haka, kuma ba ya jin ya yi laifi sai daga baya.

Abokina ya yi aure, ya yi furfura, ya ga jikokinsa kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni kuma har yau ina kallon ƙwallo, ana cin ƙungiyata ina ɓata rai ina ƙin cin tuwo kamar yaro. An zura mana ƙwallaye ba iyaka a rayuwata, kowace na yi mata tsaki. Waccan ɗaya ce kaɗai nake gode wa Allah da ta shiga.