Ta Gida Ce, In Ji Dillali

Akwai abin da kan faru da mutum ya wuce kamar ba a yi ba, akwai kuma wanda ko tsufa ya sa ka fara rikita sunayen jikokinka, shi yana nan daram. Nawa shi ne cinikin motar da na yi a Sabon Gari shekarar da na yi ritaya, kuma ba na jin zan manta da shi har in koma ga Mahaliccina.

Ni malamar Hausa ce, a makarantar 'yan mata na ƙare aikina. A unguwar Kwaciri nake zaune tare da Inna, mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ya sa a gaba. Duk mako sai na kai ta asibiti gashin ƙashi, kuma a adaidaita sahu muke zuwa. Duk ramin da muka faɗa sai ta damƙe hannuna ta yi salati a hankali don kada in ji. Ina ji kuwa, kuma abin yana ci mini rai. Don haka da kuɗin sallamata suka fito, ban yi shawara da kowa ba na ce mota zan saya. Ba ta ƙawa ba, wadda dai za ta kai tsohuwa asibiti ta dawo da ita cikin mutunci. Kuɗin nan su ke nan gare ni, in sun tafi babu wasu a bayansu.

Yayana, wanda malami ne mai zaure da ɗalibai, ya ce in ba shi kuɗin ya sa a nemo mini. Na ce na gode, amma matar da ta riƙe aji cike da 'yan mata masu ji da kansu ba dillali ne zai gagare ta ba. Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Na san irin wannan murmushin nasa tun muna yara.

Filin da ake sayar da motocin yana can gefen Sabon Gari. Dillalin da ya tare ni mutum ne fari, mai ƙamshin turare, bakinsa kamar an shafa masa zuma. Tun kafin in gaishe shi na zama Hajiya, alhali ko filin jirgi ban taɓa kwana ba. Ya kai ni gaban wata mota ruwan toka mai dogon baya, fenti yana ta sheƙi, kujeru an sa musu sabuwar riga. Bakaniken da na tafi da shi ya tayar da ita, ya kasa kunne, ya leƙa ƙasa, ya ce injin ba laifi. Ni kuwa abu ɗaya ne a raina, domin kowa ya san motar da ta sha haya ta riga ta ba da ƙarfinta, saura sai jinya. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, motar nan ta taɓa yin haya?"

Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Hajiya! Wannan ai ta gida ce."

Hankalina ya kwanta. A wurina motar gida ita ce wadda maigida ke hawa da iyalinsa, daga ofis sai gidan biki. Muka yi ciniki, ya yi ta cewa albarka, na yi ta ƙarawa, har ya sallama. Ranar da na shigo layinmu da ita, Inna ta sa aka fito da ita ƙofar gida, ta shafa motar ta yi ta sa mini albarka har na ji hawaye.

Daɗin bai je ko'ina ba. In rana ta buɗe, sai wani wari ya taso daga bayan motar, kamar na busasshen kifi gauraye da albasa. Na wanke, na turara, na fesa abin da ake fesawa, a banza. Bayanta ya fara zama ƙasa ko da Inna kaɗai ce a ciki, ita da ba ta kai nauyin buhun gero ba. But kuwa, wurin zuba kaya na baya, in na sa makulli sai na yi ta kokawa kafin ya buɗe. Wata rana ta mutu mana a tsakiyar titi, Inna tana ciki, rana tana dukanta, har sai da masu wucewa suka tura mu gefe. Duk da haka ban kawo komai ba, na ce halin tsohuwar mota ne.

Asiri ya tonu ne ranar da na je tashar jirgin ƙasa karɓar kayan da ƙanwata ta aiko daga Kudu. Ina tsayawa, ban ma kashe motar ba, na ji wani ya kwarma ihu, "Kai jama'a, ga Uwar Haƙuri ta dawo!" Kafin in ce me, 'yan dako sun yanyame ni. Wani ya zagaya baya ya ɗaka wa but duka da tafin hannu, but ɗin da ke ba ni wahala ya wangame baki kamar yana jiransa. Wani har ya sungumo buhu zai jefa ciki. Na fito a fusace na ce, "Kai, lafiyarku? Motar uban wa za ku yi wa lodi?"

Suka yi cirko-cirko. Wani dattijo mai furfura a gemu ya matso, ya ce su ja baya, ya gaishe ni da ladabi. Ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, sun ɗauka lodi ta zo. Wannan motar ni na tuƙa ta shekara da shekaru. Daga nan muke kwasar kaya da fasinja mu kai kasuwanni da ƙauyuka. Kifi, albasa, manja, har awaki ta ɗauka. Da ta gaji ne maigidana ya sa aka yi mata fenti ya kai wa dillalai." Ya shafa gefenta kamar mai gaida tsohuwar abokiya, ya nuna mini bakin ƙofa ta ciki inda tsohon fentin haya yake leƙowa.

Wallahi ban san lokacin da na zauna a kan wani buhu ba. Kunya ta kama ni, sannan baƙin ciki, sannan wani irin fushi da ban taɓa yi ba ko a aji. Ba asarar ce kawai ta ƙona mini rai ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane Hausa, a ce da Hausa aka yanke ni! Na tambayi dattijon ko zai iya maimaita maganar nan a gaban mutane. Ya ce, "Me zai hana? Gaskiya ce ai, ba sata na yi ba."

Da na gaya wa Yaya, bai ce ai na faɗa miki ba, amma fuskarsa ta faɗa. Ya ce ɓoye aibi a ciniki haramun ne, wannan ba ja, sai dai an riga an sallama, kuma bai ga kyan mace kamata ta je tana sa-in-sa da dillalai a bainar jama'a ba. A bar wa Allah. Na ce, "Yaya, na bar wa Allah, amma Shi ne ya ba ni baki da ƙafa. In na yi shiru, da me zan kai Inna asibiti? Da haƙurin?" Sai ya ce in zan je in tafi a mutunce.

Na fara zuwa wurin dillalin shi kaɗai, don kada a ce ban ba shi dama ba. Zumar bakin nan ta ƙafe. Ko tashi bai yi daga benci ba, ya ce, "Hajiya, ciniki ya faɗa. Kin zo da bakanikenki, kin gani, kin yaba. Mu nan ba a dawo mana da kaya." Na ce to, shugabanku fa, yana ina? Ya nuna mini da baki.

Dillalan filin suna da shugabanni da ke zama a wata rumfa suna sasanta rigima. Shugaban wani Alhaji ne mai jiki, mai magana a hankali. Mataimakinsa Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Kirista, yana jin Hausa kamar jakin Kano, har karin magana yake jefawa. Suka sa mana rana. Na zo da motar, na zo da dattijon direba, na ci ado kamar mai zuwa taron yaye ɗalibai. Rumfa ta cika, har masu wankin mota sun ajiye bokiti sun matso, don ba kullum ake ganin mace ta kawo ƙarar dillali ba.

Dattijo ya faɗi abin da ya sani, aka duba tsohon fenti, ba wanda ya musa. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai dillalin ya miƙe, ya gyara hula, ya ce, "Alhaji, ni ban yi mata ƙarya ba. Cewa na yi ta gida ce. Kowa a filin nan ya san mota iri biyu ce, akwai Beljiyam wadda aka shigo da ita daga waje, akwai ta gida wadda aka hau a ƙasar nan. To wannan ta gida ce, ko ba haka ba? In ita ta fahimci wani abu daban, laifina ne?"

Na ji 'yan uwansa suna cewa haka ne, haka ne. Alhaji ya dubi mataimakinsa, shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce lallai a bakin 'yan kasuwa haka kalmar take. Na ga maganar tana neman kuɓuce mini, na kuma tuna Inna a cikin adaidaita sahu. Amma sai na ji wani sanyi ya sauko mini, irin wanda nake ji in ɗaliba ta kawo amsa mai wayo wadda ba daidai ba. An shigo gonata.

Na ce, "Alhaji, a ba ni izini in yi masa tambaya." Ya ce bismilla. Na juya na ce, "Malam, da ka ce ta gida ce, me na tambaye ka? Na ce daga waje aka kawo ta?" Ya yi ƙunƙuni ƙasa-ƙasa. Na ce, "Ɗaga murya, na baya ba su ji ba." Aka yi 'yar dariya. Ya ce, "Kin ce ta taɓa haya." Na ce madalla.

Sannan na fuskanci shugaban na ce, "Alhaji, a ce ka tambayi ɗanka, ka yi salla? Ya ce maka, Baba, ai daga masallaci nake. Ashe ruwa ya shiga sha a famfon masallacin ya fito. Daga masallacin yake, ba shakka. To ya yi maka ƙarya ko bai yi ba?"

Alhaji ya yi wuf ya ce, "Wallahi da ya sha mari!" Rumfa ta kwashe da dariya, mataimakin har yana buga cinya yana cewa, "Malama ta kashe bakin tsanya!" Na jira suka lafa, na ce, "Amsa ba ta tsayawa ita kaɗai, da tambayarta ake auna ta. Ya san abin da nake nufi, ya san abin da zan fahimta, ya zaɓi kalma mai fuska biyu ya miƙo mini. Ban ce haya laifi ba ce, ga dattijo nan da ita ya ci da iyalinsa. Amma haƙƙina ne in san abin da nake saye. Da ya faɗa mini, in na ga dama in saya a kuɗin motar haya, in na ga dama in wuce. Wannan zaɓin ne ya sace mini. Kuma in rumfar nan ba ta ƙwato mini ba, akwai hukumar da ke kare masu saye, akwai kotu, na san hanyar duka biyun."

Alhaji ya ce ba sai an kai can ba. Suka ɗan yi ƙus-ƙus da mataimakinsa, sannan ya ce dillali ya ɓoye abin da ya wajaba ya bayyana, don haka zaɓi yana hannuna: ko in riƙe motar a rage mini kuɗi, ko in mayar a ba ni kuɗina cif, har da la'adar da ya ci. Na ce na mayar. Dillalin ya matso yana murza hannu, ya ce, "Hajiya, a yafe, sharrin kasuwa ne." Na ce, "Zan yafe, amma sai kuɗina sun shigo hannuna. Kuma Malama ake ce mini."

Sun shigo kuwa, a gaban shaidu. Na ajiye musu makulli, na fita daga filin nan a ƙasa, ba mota, amma ban taɓa jin tsayina kamar na ranar ba. Mataimakin shugaban ne da kansa ya nemo mini wata daga baya, ƙarama, fentinta ya koɗe, ya zaunar da ni ya lissafa mini aibinta ɗaya bayan ɗaya kafin in taya. Ita ce ta yi ta kai Inna asibiti har ƙarshen rayuwarta, ba ta taɓa barin mu a titi ba.

Abin da na koya shi ne, mai saye yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar abin da zai ba da guminsa a kai, kuma sallamawa ba ta halatta yaudara. Yawancinmu ba rashin gaskiya ke sa mu asara ba, kunya ce, kada a ce mun cika fitina. Ni dai tun daga ranar, in na yi tambayar da amsarta e ce ko a'a, ba na karɓar wata kalma a madadinsu, komai daɗinta. In mai kaya ya fara kewaye-kewaye, sai in gyara tsayuwa in sake tambaya, in kuma jira.