Ruwan Farko a Tafkin Kanya

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da safiyar wata Talata ba, ranar da na tsaya bakin Tafkin Kanya, a wani ƙauye bayan Dogo, ina kallon kifi ya juya ciki sama tun daga gaɓa har tsakiyar ruwa. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun sha jin cewa ruwan sama ne ya yi ɓarnar. Haka aka rubuta a rapor, wato rahoton aiki, ni ne ma na rubuta. Yanzu da na ajiye kaki, bari in gaya maku abin da takardar ba ta faɗa ba.

Lokacin ina ƙaramin ajan, wato jami'i, a ma'aikatar ruwa da gandun daji, sashen kamun kifi, shekarata ta biyu, kakina ko koɗewa bai fara ba. Ga yadda aikin yake. Bayan damina muna ɗauko ƙananan kifi cikin tono, wato ganga, mu zuba su a tafkunan da ke riƙe ruwa. Daga nan sai a rufe tafki, ba koma, ba birgi, ba ƙugiya, har kifin ya girma ya hayayyafa. Ranar buɗewa kuwa buro, wato babban ofis ɗinmu, ce ke tsayar da ita daga Damagaram. To amma ajan ɗaya ne da babur ɗaya da tafkuna barjat, saboda haka mai gadin gaskiya shi ne Sarkin Ruwa, shugaban masuntan gari.

Na Kanya sunansa Baba Habu, dogon tsoho siriri, ba ya magana biyu. A shekarar nan gero bai yi ba, mutane duk sun sa rai ga kifin, su yi banda su kai kasuwa su samo hatsin da za su yi noma da shi. Rufe tafki ga mai jin yunwa ba ƙaramin abu ba ne. Baba Habu ne ya miƙe bayan sallar Juma'a ya ce, "Ku haƙura, na ɗaukar maku alkawari, kowa zai ci kifin nan har ya ba maƙwabci." Aka kuwa haƙura. Da surukinsa Sani ya saci jiki ya jefa birgi, da hannunsa ya karɓe shi ya rataye a kan kanyar bakin tafki, yadda kowa zai gani.

Da bazara ta kankama, saura mako uku a buɗe, na je rangadi. Baba Habu ya ja ni arewacin tafki, inda shanu suka yi wata da watanni suna shan ruwa. Ruwa ya ja baya sosai, kashin dabbobi ya bushe ya rufe ƙasa.

Ya ce, "Isufu, dubi nan. Ruwa ya ragu, kifi ya matsu wuri guda. Ranar da ruwan farko ya sauka, duk ƙazantar nan cikin tafki za ta gangara, ruwa ya ɓaci, kifi ya rasa numfashi. Ubana ya gani, ni ma na gani sau biyu. Ga shi iska ta juya, shamuwa ta iso tun shekaranjiya. Ka je ka ce a buɗe mana cikin makon nan."

Na ce, "To, Baba, zan kai."

Washegari na shiga wajen shef ɗinmu, shugaban sashe. Kada in ɗauki alhakinsa, mutumin kirki ne. Abin da ke gabansa shi ne an riga an sanar da direkta ranar buɗewa, zai zo da baƙi da masu ɗaukar hoto. Akwai manyan ajan biyu zaune a ofis ɗin, direbanmu kuma yana tsaye bakin ƙofa. Ina kai wa ga batun shamuwa, ɗaya daga cikin manyan ya tuntsure da dariya, ya ce, "Wato yanzu shamuwa ce meteyo ɗinmu, ita za ta faɗa mana ranar ruwa?"

Shef bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Isufu, kai ka je ka gani da idonka. In akwai haɗari na gaskiya, rubuta mani yanzu, in kira direkta yau ɗin nan. Me ka gani?"

Ni ɗan manomi ne daga Hamdara, na san abin da zuwan shamuwa ke nufi tun ban shiga lakwal na fara boko ba. Ba zan ce ban gane ba. Tsoro na ji kada a ce sabon ajan baƙauye ne. Sai na ji bakina yana cewa, "Shef, maganar tsofaffi ce kawai. Ina jin kwaɗayi ne ya taso masu." Shef ya ce to, a bar rana yadda take.

Na koma Kanya na ce wa Baba Habu buro ta ƙi. Ya dube ni ya ce, "Ka faɗa masu yadda na faɗa maka?" Na ce na faɗa. Bai ƙara tambaya ba. Da samari suka taso suka ce su fa za su shiga, sai ya tsaya a gaɓa da sandarsa ya ce duk mai shiga sai ya fara tsallake shi. Suka koma gida suna gunaguni.

Kwana tara bayan haka, ranar Litinin da la'asar, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya kwana da murnar shuka. Da safe na iso na tarar da abin da na tarar. Karfasa ce ta fara tasowa, sai giwan ruwa manya-manya, wasu sun kai cinyata. Tarwaɗa kaɗai ta tsira, ita da ma ba ta da saurin mutuwa. Mata suka shiga da ƙwarya da kwando suna kwasa, amma nawa za a iya bandawa a wuni ɗaya? Kafin azahar wari ya cika gari, ungulaye sun sauka. Ni ɗin nan na ba da umarni a haƙa rami a binne saura.

Ana cikin haƙa, Sani ya hau kanya ya sauko da birginsa, ya dubi surukinsa a gaban jama'a ya ce, "Baba, ga alkawarinka can yana wari." Tsohon bai nuna ni da yatsa ba. Ina tsaye kusa da shi, na yi gum.

Da shekara ta zagayo muka sake zuba kifi, Baba Habu ya sake miƙewa bayan Juma'a, amma mutane suka riƙa saka takalmansu yana magana. Ba a yi wata ba aka fara jefa koma. Na dinga ƙwace raga daga hannun mutanen da bara suka haƙura da yunwa don su bi doka, kowace ƙwacewa kuma sai in ji kamar ni ne ɓarawon.

Sai da aka canza ni zuwa Takieta, bayan shekara uku, na iya zuwa wajensa. Na same shi a zaure yana gyaran raga. Na durƙusa na faɗa masa duk abin da na ce a ofis, ban rage ko kalma ba.

Ya ce, "Na sani, ɗana. Direbanku ya gaya mani tun a makon."

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa wa mutane?"

Ya ce, "Da na faɗa, da ba ka sake taka garin nan ba, kai kuma yaro ne da aiki a gabanka. Na yafe maka. Kifi yana dawowa, ka ga ya dawo. Abin da ban ga ya dawo ba shi ne in yi magana a garin nan a tsaya a ji."

An ce da na sani ƙeya ce, ni dai tawa kullum a gabana take. Abin da aikin nan ya koya mani shi ne, ba kakinmu ke tsare tafki ba, maganar wani dattijo ce da mutanensa suka yarda da ita. In mai ruwa ya ba ku saƙo, ku kai shi buro yadda ya ba ku, ko da za a yi maku dariya. Ni dariyar mutum ɗaya na gudar wa kaina, na bar Baba Habu ya ƙarasa kwanakinsa yana magana ba mai juyowa.