Wata Biyar Kaskon Barira Yana Kife

Barira 'yar Kwandiko ce ta ƙasar Gwaram, aure ya kawo ta Sundimina shekara talatin da 'yan kai. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, ita ma ta zube tun wata damina, ba wanda ya tayar. In na ce na san Barira, ba a bakin rijiya na ji labarinta ba.

Danginta masu shanu ne a da. Shanu suka ƙare, Fulatanci ya bi su, kunya kaɗai ta rage, ita kuwa Barira ta rungume ta. Tun da ta haifi ɗanta na fari, Jafaru, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa. In ya shigo gaisuwa sai ta juya ta amsa wa tukunya. Duk saƙon da ke tsakaninsu ta wajen ubansa yake bi, Malam Badamasi, shi kuwa wajen riƙe magana kwando ne.

Saboda Malam Badamasin ta fara abin da muke kira naɗi. Likita ya hana shi maiƙo saboda hawan jini, mutumin da ba ya wayar gari sai da ƙosai. Sai Barira ta kwaɓa garin alkama da ruwa da ɗan gishiri, ta murza da kwalba har ya yi fale-fale, ta gasa a busasshen kasko. Ta dagargaza dafaffen wake da ludayi ta shafa a kai, ta zuba zogale, tumatir, albasa da garin ƙuli, ta naɗe kamar tabarma, ta mayar kasko ta danne da murfin tukunya har ya yi ja. Kafin ka gama alwala ta gama uku. Masu zuwa fadama suka ji ƙanshi suka fara tsayawa, don abinci ne da za ka ci da hannu ɗaya fartanya tana ɗayan. Shekara takwas tana yi a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, ba wanda ya taɓa cewa cikinsa ya ƙulle.

Wakenta a tsohuwar randa take ajiyewa, cakuɗe da toka, ƙwaro ba ya kusanta. In za ta dafa sai ta tankaɗe, ta ɗauraye, shi ke nan.

Bara da kaka aka yi mata rasuwa ta tafi Kwandiko kwana bakwai. Jafaru, wanda ke da shagon maganin gona a Birnin Kudu, ya zo gida ya leƙa randa, ya ga abin kunya ne a ce uwarsa tana fama da toka. Ya tankaɗe tokar, ya barbaɗa hodar maganin ƙwari da ake yi wa irin shuka, wadda launinta da na toka ba ka rabewa. Ya ce da ubansa a gaya mata kada ta dafa, ta ajiye na shuka, zai aiko da wani buhun. Uban ya ce, "To madalla," ya ɗauki buta ya tafi masallaci.

Ta dawo, ta tankaɗe, ta ɗauraye, ta dafa, ta yi naɗi ta sayar kamar kullum. Kafin azahar mutum shida suna kwance a fadama suna amai. Ɗan'azumi mai noman albasa sai da aka ɗauke shi a amalanke, ya kwana biyu a asibiti ana ƙara masa ruwa. Allah ya sa ba a rasa rai ba. Shi gogan naku, Malam Badamasi, ranar yana azumin Alhamis, ko loma bai kai ba. Sai da yamma ya tuna saƙon. Ina tsince shinkafa na jiyo shi ta ɓaraguzan katanga yana ce wa Barira, "Ai yaron ya ce... to, a rufa wa juna asiri dai."

Asirin wa aka rufa? Washegari Hapsatu mai kitso ta buɗe baki a gidan biki. "Dama na ce wannan layin mazan ba banza ba. Maganin jan kasuwa take zubawa, wannan karon hannu ya zarce." Kafin mako maganar ta zaga gari. Matar da a da ba a ɗora tukunyar biki sai ta ɗanɗana gishiri, yanzu in ta shigo sai a ba ta tabarma can nesa da murhu. Aka hana yara shan ruwa a gidanta. Ta kife kasko ta jingina a bayan rumbu.

Na same ta na ce, "Barira, ki faɗi gaskiya."

"In ce wa ya yi?"

"Wanda ya yi."

"Da wane bakin, Yaya Batulu?"

"Da wanda kike tauna goro."

Ta sunkuyar da kai tana ɓare gyaɗa. Wai ita uwa ba ta ambaton ɗan fari da alheri a bainar jama'a, balle da sharri. Kunyar da aka yi don girma ta zama igiyar da aka ɗaure ta, mazan gidanta biyu suna riƙe da bakin igiyar.

Na hau mota na je shagon Jafaru. Ya kawo mini kujera da lemo mai sanyi. Ya ce, "Inna Batulu, in maganar nan ta fita, wa zai ƙara karɓar shawarata a kan magani? Mutane za su manta."

Na ce, "Wata huɗu ke nan ba su manta ba. Kai ka manta, don ba kai ake matsa wa tabarma ba."

Ya ce zai duba. Na bar masa lemonsa a rufe. Ya san uwarsa ba za ta taɓa buɗe baki ba, a kan wannan ya shimfiɗa tabarmarsa ya kwanta. Wannan ne abin da ban yafe ba.

Wata guda bayan nan matarsa ta haihu, aka sa suna a ƙofar gidan Malam Badamasi. Da asuba na tsallaka da kwanon wakena da na dafa da hannuna, na ce, "Barira, kwaɗayin naɗi ya tashe ni, kuma ina da baƙi. Yi mini ashirin." Ta ɗauko kasko ta goge. Hannun bai manta ba.

Na jera a faranti na fita. Maza sun cika tabarmi, liman ya gama raɗa suna ana rabon goro. Na dire farantin a tsakiya na ce, "Ga naɗin Barira." Hannaye suka koma cikin riguna.

Na ce, "Jafaru, abincin uwarka ne, ka fara. In mai asiri ce ta haife ka, faɗa mu sani. In ba haka ba, ka gaya wa mutanen nan wanda ya taɓa randa."

Liman ya ce, "Batulu, nan ba wurinsa ba ne."

Na ce, "Allah gafarta Malam, wata biyar ina neman wurinsa ban samu ba. In ka san inda yake, tashi ka raka ni."

Malam Badamasi ya shiga laluben carbi. Jafaru ya ɗauki ɗaya, ya gutsura, ya ajiye sauran. Sannan ya faɗa, da murya kamar ta wanda aka tsamo a rijiya: shi ya zubar da tokar, shi ya sa hodar, uwarsa ba ta sani ba. Ɗan'azumi ne ya miƙa hannu ya ɗauki biyu, ya ce, "Ni dai wata biyar rogo yana shaƙe ni. Jafaru, ɗayan nan na kwanan asibitina ne."

Da na koma ciki na tarar da Barira tsaye a bakin murhu, idonta jawur. Ta ce, "Kin kunyata wancan a ranar sunan ɗansa." Kafin la'asar ta kafa zana a inda katanga ta zube.

Yau kaskon yana kan wuta, masu fadama sun dawo. Hapsatu ma tana aikowa, wai a sa mata zogale da yawa, bakinta kuwa bai taɓa cewa a yi haƙuri ba. Barira har yanzu ba ta gaishe ni. Amma kullum da hantsi sai hannu ya miƙo naɗi ɗaya ta saman zana, da zafinsa, an ƙara yaji yadda nake so. Ina karɓa in cinye. In tana jira in ce na yi kuskure, sai ta tanadi alkama mai yawa.