Wurin da Aka Kankare a Tukunyar Ya Falmata

Ku tsaya in yi muku kacici-kacici kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Mene ne abin da in aka kankare shi sai ya ƙara fitowa? Kar wanda ya leƙa ƙasa, ina ganinku.

Da safen nan ina dama wa jikokina kunu, 'yata ta shigo da waya a hannu ta ce, "Inna, Ya Falmata ta rasu." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na saki ludayin. Yau dai kunu da gudaji yaran suka sha.

Ga wanda bai san ta ba, Babarbariya ce 'yar Maiduguri, ni kuwa Bafulatana. Kun ga ke nan baiwata ce, ko da yake har ta koma ga Allah cewa take ni ce tata. Renon jikoki ne ya kawo mu Riyad, ɗanta injiniya, 'yata nas, bene ɗaya muke a unguwar Nasiriya. Ni a firamare na tsaya. Ita a Alƙahira ta karanta tarihi, ta koyar har ta yi ritaya.

Ba ta da hira sai ta mutanen Masar na da. Na ce, "Ke Falmata, mutanen da aka nutsar da sarkinsu a teku, me kika gani a wurinsu?"

Ta ce, "'Yar Fillo, ai ba sarki ɗaya ba ne, jerinsu ne. Kuma gulmarsu duk tana rubuce a bango."

Gulma! Nan ta kama ni.

Sai ta riƙa nuna mini hotunan kaburburan a wayarta. Wai in sarki yana da ƙarfi, manyan ƙasa kusa da kabarinsa suke rububin a binne su. In kuwa ka ga gwamnoni sun koma garuruwansu suna gina nasu, kowa yana rubuta wa kansa kirari wai shi ya ciyar da jama'a lokacin yunwa, to sarki ya zama hoto.

Yanzu ga maganar tukunya.

Ya Falmata ce ta fara haɗa zumuntar matanmu a nan. Ta sayi ƙatuwar tukunya, ta kai unguwar Sulai wajen wani maƙeri ɗan Maraɗi ya buga sunanta da ƙusa a jiki, kamar yadda muke yi a gida don kar kaya su ɓace a wurin biki. Suna, walima, Sallah, duk ita ake ɗorawa. Samarin Damagaram masu aikin sito kuwa ba ta taɓa bari an kwashe ba a cika musu kula ba.

Bara aka yi zaɓe, yara suka kayar da mu. Maman Hanan, abokiyar aikin 'yata, ta zama shugaba. Zama na farko suka ɗauke shi daga falon Ya Falmata zuwa istiraha, gidan hutun nan da ake kamawa haya. Falmata ta matso kunnena ta ce, "Kin gani? Gwamnoni sun fara gina kabari a garinsu." Na shaƙe da shayi.

Amma ranar da tukunya ta dawo an kankare sunan, wai ta ƙungiya ce ba ta mutum ɗaya ba, ban yi dariya ba. Na tara tsofaffi na ce mu ɗauke tukunyarmu mu kafa tamu zumuntar. Har sun yarda. Da an yi, Sallar bana gida biyu za a ci ta, ni a nan, 'yar cikina a can.

Na je in shaida wa Ya Falmata. Matar nan dariya ta yi har da riƙe ciki.

Ta buɗe mini hoton wani bango. Wata mace ce ta yi sarauta a Masar, bayan ta mutu wani sarki ya tura masassaƙa su sare siffarta. Suka bi ta da kurfi daki-daki, kai, kafaɗa, ƙafa, ba su kauce ba. Ga ta nan tsaye ɓaro-ɓaro, ba fuska amma kowa ya san mutum ne.

Ta ce, "Duk baƙon da ya shiga, nan yake fara tambaya. Mulki juyawa yake, Dije. Ki bar yara su yi nasu. Kar ki raba mini mutane a kan rubutun ƙusa. Halas, magana ta ƙare."

Na bari, amma ba da son raina ba, a rubuta wannan.

To ku ji ikon Allah. Tukunya duk ta dushe, wurin da aka kankare kuwa sai ƙyalli yake kamar sabon faranti. Duk sabuwar zuwa sai ta ce, "Hajiya Kaka, me aka goge a nan?" Ni kuwa sai in gyara zama. Ina ƙara gishiri, ban musa ba.

Juma'ar da ta wuce ne ganinmu na ƙarshe da Ya Falmata. Tana cin dabino, Maman Hanan da kanta ke zuba mata gahawa. Ta dube ni ta ce, "Ni kabarina ba rubutu, balle wani ya zo da guduma. In na riga ki kuma kar ki cika kuka, ba kya kyau in kina yi."

Ƙarya take, ina kyau.

Ɗazu Maman Hanan ta kira ni. "Kaka, in mayar da tukunyar nan Sulai a sake buga sunan?" Na ce, "A'a 'yata, ai aikin da kika yi ya fi na maƙerin. Kawo ta a ɗora, baƙi na tafe." Yanzu haka tana kan wuta, tsofaffi na yanka albasa, yara na wanke shinkafa, kicin ɗaya.

Allah ya jiƙan baiwata, ya yalwata mata makwanci, ya sa abincin da ta ciyar ya tare ta a can. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri. Duk wanda ya karanta, ko bai taɓa cin tuwonta ba, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya sa ta a addu'arsa ta yau.

Amsar kacici-kacicin kuwa, sunan Falmata ne a jikin tukunya.