Hannun Kawu Mai Faci

Jiya na tsaya facin taya a hanyar Dabai, warin sholisho, gam ɗin faci, ya buge ni, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Yakan ce, “Gam ɗin nan ƙanin fetur ne, ku kiyaye.”

Wata rana ina zaune a rumfarsa, wani ɗan kabu-kabu ya kunna taba kusa da gwangwanin sholishon. Wuta ta tashi, ta kama zanena. Kawu ya riƙa kashe ta da tafin hannunsa yana cewa, “Kar ki gudu, ɗiyata!”

Yatsunsa ba su sake miƙewa ba, sana'ar ta gagare shi har ya rasu. Har yau abin yana ci mini rai. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa.