Talatin da Uku, Inji Malam Iro

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Iro mai faci na bakin tashar Rano, aminina tun muna makarantar allo. Na zauna a Jamus, na yi aiki a Jidda da Khartum, amma ban ga mutumin da ke zargin taya kamarsa ba. Ko sabuwa ce a leda sai ya juya ta, ya shinshina, ya nemi lambar da ke nuna shekarar da aka yi ta.

Bayan dawowar mulkin farar hula, ƙanena Bala ya ci kansila. Ya je Kwatano ya sayo wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ya haɗo da tayoyin gwanjo huɗu masu zurfin zane. Ni na raka shi wurin Iro.

Iro ya daɗe yana kallon wata alama a gefen tayar, ya ce, "Alhaji, kai da ka ga duniya, wannan furen na mene ne?"

Na ce ba fure ba ne, hoton ƙanƙara ne. Tayar sanyi ce, a Jamus cire ta ake yi da zafi ya shigo.

Ya dubi Bala. "Honorabul, ƙanƙarar Kibiya za ka taka ko ta Madachi? Ba zan ɗaura ba. Kwaltarmu da azahar ƙwai take soyawa."

Bala ya ce, "To, ƙara wa na jikinta iska. Dubi yadda suka kwanta."

"Haka aka yi su, gajeru ne. Ba tirela ba ce."

Iro ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda manne a jikin ƙarfe, da Jamusanci. Na karanta, na mayar da lissafin irin na gejinsa na auna iska: talatin da uku, a auna tayar tana sanyi. Ya auna, talatin da uku cif. Ya ƙi ƙara komai.

A hanya Bala ya ce, "Yaya, mutumin nan ɗan adawa ne, so yake a yi mini dariya." Ban musa ba. Ni ma na ɗan yi zargin ko tayoyinsa yake son sayarwa.

Washegari Bala ya kai motar wurin wani mai faci a Kibiya, wanda ba shi da geji, da ƙarfe yake buga taya ya saurari ƙara. Mutumin ya ɗaura na gwanjon, ya dura musu iska har suka yi tauri kamar dutse. Ran Juma'a da rana tsaka, kusa da Yalwa, ta gaba ta fashe. Motar ta kifa a gonar dawa. Bala ya rayu, amma har yau da sanda yake tafiya.

Mutane sun ga motar a rumfar Iro, ba su gan ta a Kibiya ba. Wasu suka ce ya sassauta bawul ɗin taya, wasu suka ce asiri ya yi saboda jam'iyya. Direbobi da 'yan acaɓa suka daina tsayawa wurinsa. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ya ce a kai shi gaban alƙali ya rantse. Ba wanda ya kai ƙara, don haka ba inda zai wanke kansa.

Ya same ni a zaure. "Alhaji, kai ka karanta takardar nan. Faɗa musu kawai."

Na ce, "Malam Iro, bari zaɓe ya wuce." Tausayin da ake yi wa Bala ƙuri'a ce, kuma ɗan'uwana ne. Zaɓe ya wuce, wani zaɓen ya zo, Iro ya koma gona, ciwo ya ɗauke shi.

Da zai leƙo yau, ina jin ba zai saki fuska ba. Tayoyi masu hoton ƙanƙara suna nan jibge a kasuwa, wasu an goge musu lamba, wasu an sake yanka musu zane da wuƙa. Masu faci sun samu geji, amma sau nawa na ga allurarsa ba ta motsi? Ni kam da nawa nake yawo a aljihu, kuma da safe nake aunawa, kafin mota ta taka titi. Shi ya koya mini.

Kwanan baya na ji an ce an fasa ɗaukar ɗan Iro direba a Kibiya, don wani ya tuna wa mai motar ko ɗan wane ne. Shi ya sa na rubuta wannan. Na nuna wa Bala kafin in aika a buga, ya karanta, sannan ya ce in aika.

Mutanen Rano da Kibiya, ina tsaye a wurin. Iro bai ɗaura tayoyin nan ba, bai sassauta bawul ba. Talatin da uku takardar ta ce, talatin da uku ya bari. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini jinkirin.